Kundin dashen furen Kirsimeti a barandarmu ta Jos

7 ga Yuli

Yau na fara. So nake kafin tsakiyar Disamba in samu tukwanen foinsetiya, wadda masu fulawa suke kira furen Kirsimeti, waɗanda ni na tayar da su daga reshe, ba saye na yi ba. Iri biyu ne a hannuna. Na farko doguwar da ke shingen Mama, maƙwabciyarmu, wadda ta zarce katanga, tsawonta ya kusa mita uku. Na biyu 'yar gajeriya ce ta tukunya da na saya bara a bakin titin Rayfield. Bayan ta zubar da jan ganyenta na datse ta a Afrilu, damina na sauka ta cika da sabbin rassa.

Tun da sassafe na yanka, kafin rana ta ɗaga, lokacin da rassan suke cike da ruwa. Kan reshe ake ɗauka, sabon toho wanda ya fara ƙwari amma bai riƙa ya zama itace ba. Tsawon santimita 8 zuwa 10 ya isa. A ƙasan gaɓa na riƙa yankewa da sabuwar reza, ina goge ta da sifirit idan zan koma wata shukar. Na cire ganyen ƙasa, na bar uku ko huɗu a sama.

Reza na shiga sai farin nono ya tsattsafo, mai danƙo. Duk wanda ya taɓa sare aguwa ko ƙerana ko tinya ya san shi, domin dukkansu 'yan ɗaki ɗaya ne da foinsetiya, jinsin Euphorbia. Rogo da zurma da cindazugu ma danginsu ne. Na ɗaura leda a hannu, ina tsoma gindin kowane reshe a ruwan sanyi har nonon ya tsaya, sannan in ajiye shi a inuwa ya ɗan sha iska.

Mama na zaune a kan kujerarta tana kallona. Ta ce, "'Yata, kar ki kai hannu ido ko kin wanke. Kuma ke dai kina son wahala. Ki sari sanda ki soka a ƙasa yadda ake yi wa rogo, ki tafi harkarki." Na ce, "To Mama, naki ma zan gwada." Ta sa jikanta ya saro mini sanduna masu kauri, kowace kamar kamu ɗaya da rabi, na kafa su a jikin katangarmu ta baya.

Ƙananan rassan kuwa na raba su gida uku don in ga bambanci da idona. Mafi yawa na sa su a yashin rafi da na wanke, haɗe da ƙonannen ɓuntun shinkafa rabi da rabi, a cikin ledojin fiyawata da na huda ƙasansu. Wasu a baƙar ƙasar lambu mai taki. Sauran a kwalba da ruwa zalla. Rabin na yashi na dangwala gindinsu a garin sa saiwa da ake sayarwa a shagunan kayan noma, mai sinadarin IBA. Zurfin dashe bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba.

11 ga Yuli

Duk sun yi laushi, kawunan sun sunkuya. Haka ake tsammani, tunda ganye yana fitar da ruwa kuma babu saiwar da za ta mayar. Manyan ganyayen na irin Mama na rage su da almakashi, na yanke rabin kowanne.

Littattafan lambu da aka rubuta a Turai da Amurka kusan duk suna cewa a kife wa reshe farar leda don ta riƙe danshi. A can suna da hujja, iskar ɗakunansu a bushe take. Mu a nan Yuli ne, shanya ma kwana take a igiya ba ta bushe ba. Na kife wa guda biyu leda don gwaji, washegari cikinta ya jiƙe sharkaf, ganyen da ya taɓa jikinta ya fara fumfuna mai ruwan toka. Na cire, ban ƙara ba.

Abin da muke nema a Jos ɗumi ne. Garin yana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, kuma a wannan wata da rana zafi bai cika wuce digiri 25 ba, da dare ya sauko wajen 17. Gindin reshe ya fi son digiri 22 zuwa 26 kafin ya yi saiwa da sauri. Saboda haka na matsar da farantin da na jera ledojin a kai zuwa jikin bangon kicin ta waje, inda ɗumin girki yake ratsowa kuma hasken safe yake isa, amma ranar tsaka ba ta duka. Na ɗora shi a kan katako don kada sanyin siminti ya hau. Ina yayyafa wa ganye ruwa da 'yar kwalbar feshi da safe, da kuma tsakar rana idan gari ya washe. Bayan la'asar ba na taɓawa, so nake dare ya same su a bushe.

17 ga Yuli

Na ƙasar lambu sun tafi, saura ɗaya. Gindin ya yi baƙi, ya narke, idan an matsa sai ruwa mai wari ya fito. Ƙasa mai taki tana riƙe ruwa, iska ba ta shiga, ga ɗanyen rauni a buɗe, ga ƙwayoyin cuta da taki yake ɗauke da su. Na zubar da su har da ƙasar, can nesa da sauran, na wanke hannu da sabulu kafin in koma faranti.

Na kwalba suna nan a tsaye, amma ruwan yana gurɓacewa da wuri, sai na sauya shi kusan kullum.

Na yashi sun fara ɗago kai da safe. Na tone gefen guda ɗaya a hankali da tsinke: bakin yankan ya kumbura, ya yi wani farin ƙullutu mai gurje-gurje kewaye da shi. Daga nan saiwa take fitowa. Autana ya tsaya a kaina yana ta, "Umma, a ciro sauran a gani mana." Na hana. Kowane ciro yana karya abin da ya fara fitowa, don haka na ware wannan guda ɗayan na ce nasa ne, ya duba shi yadda ya ga dama.

30 ga Yuli

Saiwa ta fito. Ledar fiyawata ta yi mini rana a nan, domin ta jikinta nake hango fararen saiwoyi suna bin gefe ba tare da na taɓa komai ba. A sama kuma ƙaramin sabon ganye ya ɓullo a tsakiyar kai, launinsa kore mai haske.

Waɗanda na dangwala a garin sa saiwa sun riga sauran da kamar mako guda, kuma saiwarsu ta fito ta ko'ina a kewayen gindi. Marasa gari ma suna zuwa, sai dai ta gefe ɗaya ko biyu. A ganina wanda ba shi da garin kada ya fasa dashe saboda shi, haƙuri kawai zai ƙara. Na kwalba sun yi 'yan saiwoyi dogaye masu gautsi, ina ɗaga ɗaya ta ɓalle. Ba zan ƙara bin wannan hanyar ba.

Sandunan Mama sun yi toho tun makon jiya, har ta leƙo ta katanga tana dariya: "Ba na faɗa miki ba?" Na ce, "Kin faɗa, Mama, amma bari mu ga Agusta." Toho a jikin sanda ba shaidar saiwa ba ne. Abincin da ke cikin itacen yake ci, kuma idan ya ƙare babu saiwa sai ya bushe a tsaye.

8 ga Agusta

Na mayar da su tukwane. Haɗin ƙasar: kashi biyu ƙasar lambu, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya ɓuntu, da ɗan takin shanu da ya ruɓe ya zama gari. Yanzu da suke da saiwa za su iya da taki. Na tsaga ledar da reza na zare ta, ban girgiza yashin ba, kuma ban binne wuyan fiye da inda yake a da ba. Tukwanen ƙasa na fi so a wannan damina domin suna tsotse ruwa ta jikinsu. Da suka ƙare na ƙarasa da bokitan fenti, na huda ƙasansu da ƙusa mai zafi, huji da yawa.

Ruwan Agusta a Jos ba ya neman izini, sai ya wuni yana zuba. Duk tukwanen suna ƙarƙashin rufin baranda, ni nake ba su ruwa, kuma sai na tura yatsa na ji saman ƙasar ya bushe. Taki kuwa NPK 15-15-15 nake jiƙawa, ƙaramin cokali a bokitin lita 10, sau ɗaya a mako. Idan sun kama sosai zan ƙara zuwa babban cokali, domin shuka ce mai ci. Yuriya da toka ba na sa mata. Ta fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, toka kuma kashe tsamin take yi.

20 ga Agusta

Yau na tsinke kawunansu. Ana ƙirga ganye biyar ko shida daga ƙasa, a cire abin da ke sama da farce ko reza. A hammatar kowane ganye akwai ido a kwance, kuma muddin kan yana nan ba zai tashi ba. Kowane idon da ya tashi reshe ne, kowane reshe kuma jan kai ɗaya ne a Disamba. Wanda ya ji tausayin shukarsa ya ƙi tsinkewa zai tashi da doguwar sanda mai fure ɗaya a ƙoli.

Waɗanda na fara tsinkewa tun makon jiya don gwaji sun nuna mini bambancin irin nan biyu. Na tukunyar Rayfield duk idanunsa sun tashi, har na can ƙasa. Na shingen Mama biyu na sama ne kawai suka motsa, suna neman miƙewa sama abinsu.

Wannan bambancin yana da labari. A daji a ƙasar Meksiko, inda asalinta yake, foinsetiya doguwa ce mai rassa kaɗan, irin ta Mama. Gajeriyar nan mai cika tukunya aikin masu lambun kasuwa ne. Wanda ya fi shahara a cikinsu gidan Ecke ne, zuriyar wani Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa Los Anjalas, waɗanda a 1923 suka koma Encinitas a jihar Kalifoniya. Sun shekara da shekaru suna riƙe da kasuwar Amurka, kuma wani ɓangare na sirrinsu shi ne aure: su haɗa reshen wani iri a jikin wani, sai 'ya'yan da aka yanka daga nan su riƙa yin rassa da yawa. An daɗe ana yi ba a san dalili ba. A 1997 masu bincike a Amurka suka tabbatar da cewa wata ƙaramar ƙwayar cuta ce da ake kira faitofilasma, mai zama a cikin jijiyoyin abincin shuka, take ratsawa ta wurin haɗin. Ita take karya ikon kai a kan idanun ƙasa. Wato kyan da ake biya kuɗi a saya ciwo ne mara kisa da shukar take ɗauke da shi.

Ga mai dashe a gida wannan yana da amfani kai tsaye. Ƙwayar cutar ba ta bin irin da ake shukawa, reshe take bi. Idan kana son gajeriya mai cika ido, uwar da za ka yanka dole ta kasance haka. Irin shinge, ko ka tsinke shi sau uku, halinsa na tsawo yana nan. Don haka na yanke shawara: na Rayfield su zauna a tukwane, na Mama in an gama su koma ƙasa.

3 ga Satumba

Na taɓa wata tukunya sai wasu ƙananan fararen ƙwari suka tashi fuu. Farin ƙuda ne. A bayan ganye suke zama su tsotsi ruwa, 'ya'yansu kuma manne suke kamar ɓawo, ba sa motsi. Suna fitar da wani abu mai danƙo, baƙar fumfuna ta hau kai, ganye ya yi dauɗa. Manoman rogo sun san shi sarai, shi ne yake yaɗa cutar da ke sa ganyen rogo ya yi dabbare-dabbare ya murɗe. A Amurka ma wani mugun nau'insa a gonakin foinsetiya na Filorida aka fara lura da shi a 1986. Akwai 'yan kunyoyin rogo a filin da ke bayanmu, ina zaton daga can suke.

Na daka 'ya'yan darbejiya, cikin hannu biyu, na jiƙa a ruwa ya kwana, na tace da tsumma, na ɗan kaɗa sabulu a ciki. Da yamma nake fesawa, ina juya kowane ganye, domin feshin sama aikin banza ne. Na kuma yanka tsohuwar jarkar mai rawaya, na shafe ta da man shafawa mai kauri na rataye a tsakanin tukwanen, tunda launin rawaya yana jan su. Dole a gama da su yanzu. Da zarar jan ganye ya fito ba ya son feshi, tabo yake yi.

Sandunan Mama: fiye da rabi sun kama da gaske, rassansu sun yi tsawo. Sauran sun bushe kamar yadda na yi tsammani. Na faɗa mata, ta ce ai ko rogo ba duka yake tsira ba.

22 ga Satumba

Daga yanzu aikin ya koma na dare. Foinsetiya ba sanyi ne yake sa ta ja ba, ba kuma ƙarewar ruwan sama ba, ko da yake mutane da yawa a nan haka suke ɗauka saboda abubuwan tare suke zuwa. Tsawon duhu take aunawa. Idan dare ya kai kusan awa 12 ba tare da haske ya katse shi ba, kuma ya ci gaba da haka kullum, sai kan reshe ya daina yin koren ganye ya fara shirin fure. Daga nan zuwa cikakken ja mako takwas zuwa goma ne.

A ƙasashen sanyi shukar a cikin ɗaki take zama, inda fitila take ci har tsakar dare. Shi ya sa ake ce musu su sa ta a kabad ko su kife mata kwali daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 8 na safe tun daga farkon Oktoba. Na ga mutane a nan suna kwaikwayon wannan, suna ta ɗaukar tukunya safe da yamma, har rassa suna karyewa. Ba mu da bukata. Jos tana wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya. Mafi tsawon yininmu a Yuni awa 12 ne da minti 40 da 'yan kai, mafi gajarta a Disamba awa 11 da rabi. A wannan makon rana tana faɗuwa wajen 6:20 ta fito wajen 6:15, dare da yini sun yi kunnen doki, kuma daga nan har Maris daren ne zai riƙa rinjaye. Allah ya ba mu duhun kyauta, shi ya sa bishiyoyin da ke tsofaffin gidajen gwamnati da harabar majami'u suke ja duk shekara ba wanda ya rufe su.

Abin da ya canza fitila ce. A da, da masu wuta sun ɗauke, unguwa sai ta yi baƙi ƙirin har asuba. Yanzu kowane gida da fitilar sola a kan katanga, ga na titi, kuma ba sa mutuwa sai gari ya waye. Shukar ba ta bukatar haske mai ƙarfi kafin lissafinta ya rikice, kaɗan ma ya isa. Shaidar tana shingen Mama: bara ɓangaren da ke kallon cikin gidanta ya yi ja jawur, ɓangaren da ke fuskantar fitilar titi ya zauna kore har Janairu, a bishiya guda.

Bayan isha na zaga gidan nan ina duba inda inuwar hannuna take fitowa a ƙasa. Duk inda na ga inuwa, wurin bai yi ba. Baranda ta faɗi, fitilar ƙofa tana haska ta gaba ɗaya. Lungun da ke tsakanin ɗakin ajiya da katangar baya ne kawai ya tsira, kuma yana samun rana daga safe zuwa azahar.

5 ga Oktoba

Na kwashe tukwanen zuwa lungun. Akwai ƙwan fitila ɗaya a kusurwar da maigida yake kunnawa saboda tsaro. Na ce, "Abban yara, a taimaka a kashe mini wannan zuwa Disamba." Ya ce, "Saboda fulawa zan bar bayan gida a duhu?" Mun daidaita a kan ya juya ta ta kalli ƙofar baya, ni kuma na kafa tsohon kwanon rufi a tsakaninta da tukwanen. Tagar banɗaki ma na sa mata labule mai kauri. Yara an gargaɗe su kan tocilan.

Da gangan na bar tukunya biyu a baranda a ƙarƙashin fitila, don in samu abin kwatantawa. Tsinke kai ya ƙare, duk wanda aka tsinke yanzu furensa aka cire.

Ƙanwata da ke Kano ta karɓi guda biyu tun Agusta, ta kira tana tambaya ko ta yi yadda na yi. Duhun dai ɗaya ne, amma na ce mata kada ta damu idan nata ya makara. Idan zafin dare ya haura digiri 23 ko makamancin haka shukar tana jinkirta fure, kuma daren Oktoba a Kano ba irin na Jos ba ne.

26 ga Oktoba

Launi ya fara. Ƙananan ganyayen ƙoli sun fito sirara, jijiyarsu da ƙafarsu ja, sauran jikin wani kore mai duhu da ya gauraya da ruwan goro. Na Rayfield ne a gaba. Na baranda kore shar, sai tsawo suke yi da manyan ganyaye.

Ruwan sama ya ɗauke. Farin ƙuda ya ragu sosai, na daina feshi, tarkon jarka kawai na bari.

9 ga Nuwamba

Hunturu ya shigo, lissafin ban ruwa ya juye. Tukwanen ƙasa da suka cece ni a Agusta yanzu kafin la'asar sun bushe, har ganye ya yi yaushi. Foinsetiya ba ta yafe wannan: idan ta yi yaushi sosai sau ɗaya, ko an ba ta ruwa ta miƙe, bayan 'yan kwanaki ganyen ƙasa zai yi rawaya ya zube, a bar ka da tsirarar ƙafa. Yanzu kullum da safe nake dubawa, in zuba har ya fito ta ƙasa, in zubar da wanda ya taru a faranti. Na bokitin fenti sun fi jimiri. Na rufe saman ƙasar da ɓuntu, na kuma jingina zana ta gefen arewa maso gabas inda iskar take bugowa, domin rassan suna da gautsi a inda suka haɗu da uwa. Ƙura kuwa da tsumma mai laima nake share koren ganye, jan ba na taɓa shi.

23 ga Nuwamba

Kawunan sun buɗe, faɗin wasu ya fi tafin hannu. Jan nan da kowa yake kira fure ganye ne da ya sauya launi don ya jawo ƙwari da tsuntsaye. Furen na gaskiya yana tsakiya: wasu 'yan ƙulle-ƙulle kore kamar ƙwayar wake, kowanne da ɗan rawayan baki a gefe, inda wani ruwa mai zaƙi yake taruwa yana ƙyalli. Tururuwa sun riga ni ganowa. Mai saye ya duba waɗannan. Idan suna nan a rufe shukar sabuwa ce, idan sun zube ta daɗe da wuce ganiyarta.

Wata maƙwabciya ta shigo da ɗanta mai rarrafe, tana ganin tukwanen ta sure shi. "Maman Auta, an ce wannan guba ce, ganye ɗaya yana kashe yaro." Na ce mata jita-jitar tsohuwa ce, daga Hawayi ta taso a 1919, kuma ba a taɓa tabbatar da ita ba. A 1971 an ciyar da ɓeraye ganyenta mai yawa a Jami'ar Jihar Ohayo ba su mutu ba. A 1996 kuma aka buga nazarin rahotanni 22,793 na mutanen da suka ci ko suka taɓa ta a Amurka, akasarinsu yara, babu wanda ya rasu. Wannan ba ya nufin a bar yaro ya tauna. Tana iya sa amai ko gudawa, nonon yana sa ƙaiƙayi a fata, a ido kuma yana da zafi ƙwarai, sai an wanke da ruwa mai yawa. Wanda jikinsa ba ya son safar hannu ta roba ya yi hattara da ita. Tsoron da muke yi yana da tushe, domin 'yan uwanta na gida irin tinya da gaske mugaye ne. Ta saurare ni har ƙarshe, amma ba ta sauke yaron ba.

12 ga Disamba

Yau a Amurka ranar foinsetiya ce, domin a rana irin ta yau a 1851 Joel Poinsett ya rasu. Shi ne jakadan Amurka na farko a Meksiko, kuma a wajejen 1828 ya aika da shukar gida. Tun kafin shi mutanen Aztek, 'yan asalin Meksiko, suna amfani da ita, suna samun jan rini daga ganyen, suna maganin zazzaɓi da nonon. A ƙarni na 17 limaman Kirista a yankin Tasko na Meksiko suka shigar da ita bikin Kirsimeti, tunda a lokacin take ja a can, kamar yadda take yi a nan.

Halin da ake ciki: duk na lungu sun cika. Na Rayfield kai biyar ko shida a kowace tukunya, tsawonsu bai wuce gwiwa ba. Na irin Mama kai biyu-biyu, dogaye, sai da na kafa musu sanda. Na baranda har yau kore, sai ɗaya da ta ɗan yi ja-ja a ɓangaren da ginshiƙi ya tare mata fitila. Na Kano sun fara launi a ƙarshen Nuwamba.

Tunda launi ya kammala, haske da dare ba ya cutar da su, don haka na dawo da su baranda, maigida kuma ya mayar da fitilarsa inda take. Sanyi ne abin lura yanzu. Ƙasa da digiri 10 ganyenta yana lalacewa, kuma daren Jos a ƙarshen Disamba da Janairu yana iya kaiwa can, saboda haka idan na ji iskar magariba ta yi kaifi ina shigar da su falo, nesa da ƙofa. Na dakatar da taki.

Mama ta zaɓi biyu za ta kai majami'arsu. Mai fulawar bakin titi ya leƙo ya taya sauran, na sayar masa da wasu, na riƙe mafi cika guda uku su zama uwaye. Waɗannan zan rage musu ruwa idan ja ya zube a Fabrairu ko Maris, in datse su a Afrilu zuwa kamu ɗaya daga ƙasa, in sauya musu ƙasa. Na irin Mama za su shiga rami a jikin katangar baya da ruwan farko. Abu na gaba da nake son gwadawa shi ne aure: in ɗora reshen Rayfield a kan sandar Mama a watan Mayu, in ga ko halin yawan rassa zai ratsa zuwa doguwar. Na riga na sa alama da jan zare a kan sanduna biyu da kaurinsu ya yi daidai.